Darasi: Tsuntsayen Tsakar Gida da Tattalin Ruwa Lokacin Fari

MANUFOFIN DARASI

Idan muka kammala wannan darasi, ana fatan kowane ɗalibi zai iya:

1. bambanta rani da tsaikon ruwa da fari;
2. gane aƙalla tsuntsaye goma da ke sauka a gidajenmu;
3. ajiye wa tsuntsaye ruwa ba tare da ya jawo sauro ko ciwon kaji ba;
4. lissafa ruwan da rufin kwanon gidansa zai iya tarawa;
5. rubuta abin da ya gani, da boko ko da ajami, yadda zai amfane shi baɗi.

1. RUWAN ƘASARMU

Hunkuyi ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, tana arewa da Zariya. Ita da Makarfi da Ikara duk ƙasar noma ce: masara da dawa a tudu, rake da tumatir da attaruhu a fadama. Duk wannan arziki a kan ruwan wata biyar yake tsaye. Ruwan saman da ke sauka a wannan yanki yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba, kuma watan Agusta ya fi kowane samu. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa da ƙyar a ga ɗigo.

Ke nan ko a shekarar da damina ta yi albarka, fiye da rabinta a bushe muke yi. Wannan rani ne, kuma tun kaka da kakanni an san yadda ake zama da shi. Abin da ke karya manomi shi ne ruwa ya ɗauke a daidai lokacin da ake jiransa. An yi shuka ta tsiro, sai hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa, masara ta naɗe ganye tun da hantsi, guga ya fara dawowa da laka.

AKWATIN MA'ANA
Rani: watannin da dama can ba a ruwa a cikinsu.
Bazara: ƙarshen rani, daga Maris zuwa faɗuwar damina, lokacin da zafi ya fi tsanani.
Tsaikon ruwa: ruwa ya ɗauke na kwanaki a jere a cikin damina, kamar mako ɗaya zuwa uku, sannan ya dawo.
Fari: ƙarancin ruwan sama mai tsawo, wanda ke kai ga lalacewar amfanin gona da ƙafewar rijiyoyi.

Ƙasar Hausa ta ɗanɗani fari ba sau ɗaya ba. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda aka sa wa suna Kakalaba, fari ne ya haife ta. Akwai dattawa a cikinmu da suka ga na 1972 zuwa 1973, lokacin da dabbobi suka mutu da yawa, mutane suka gangaro daga Nijar neman abinci, sannan ga na 1984. Idan akwai irin waɗannan dattawa a ajinku, ku ba su dama su ba da labari kafin a ci gaba. Abin da za su faɗa ya fi wanda ke cikin wannan shafi.

2. ME YA HAƊA TSUNTSU DA FARI?

Tsuntsu ba ya gumi. Zafin jikinsa yakan kai digiri 40 zuwa 42, ya ɗara na mutum, wanda yake 37. Idan rana ta take, sai ka gan shi a inuwa ya buɗe baki yana haki, ya ɗan saki fukafukai don iska ta ratsa. Hakin nan yana sanyaya shi, amma yana fitar masa da ruwan jiki, dole kuma ya mayar.

Ba duka ne ƙishirwarsu ɗaya ba. Mai cin ƙwari da tsutsa yana samun ruwa a cikin abincinsa, haka ma mai cin 'ya'yan itace. Mai cin tsaba busasshiya, kamar kurciya, ba ya iya daɗewa bai sha ba. Shi ya sa da zarar kududdufai da ramukan fadama sun ƙafe, masu cin tsaba ne ke fara matsowa gida: bakin rijiya, gindin randa, maguji, wurin da ake alwala. Wanda ya saba lura zai gane cewa waje ya bushe tun kafin ya taka zuwa can.

Ga wani abu da ya faru wanda zai nuna mana nisan zancen. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke haihuwa a Turai, ya ƙetaro hamadar Sahara ya yi rani a ƙasashenmu. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar fiye da rabinsa bai koma ba. Da aka bi diddigi, sai aka gano ƙarancin ruwan da aka yi a yankin Sahel a 1968 ne ya cinye shi. Mutanen da ba su taɓa taka ƙasarmu ba sun ga alamar farinmu a jikin tsuntsu, saboda kawai suna ƙirgawa suna rubutawa kowace shekara. Mu da tsuntsun ke sauka a kan katangarmu mun fi su cancantar wannan sani.

3. SU WA KE ZUWA GIDANMU?

Nijeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900, amma ba sai ka san su duka ba. Fara da na tsakar gidanka. Ba ka buƙatar sayen komai: tabarma, inuwa, da haƙurin zama shiru na minti goma sha biyar bayan sallar asuba ko bayan la'asar. A nan mata sun fi maza dama, domin su ne ke wuni a gida, kuma tsuntsaye sun saba da kai da kawowarsu, musamman wajen turmi inda tsaba ke zuba.

Idan tsuntsu ya sauka, tambayi kanka abu huɗu. Girmansa fa, ya kai gwara, ko kurciya, ko hankaka? Bakinsa gajere ne mai kauri, ko siriri, ko mai lanƙwasa? Wane launi ne ya fi fitowa, kuma a ina? Me yake yi? Baki ya fi launi amfani, domin shi ke gaya maka abincinsa.

AKWATIN MA'ANA
Nau'i: rukunin tsuntsayen da suke iri ɗaya, suna haihuwa a tsakaninsu. Kurciya nau'i ce, hasbiya wani nau'i ne daban.
Mazaunin tsuntsu: wanda ke tare da mu rani da damina.
Baƙon tsuntsu: wanda ke zuwa a wani lokaci na shekara, ya koma a wani.

Kurciya ce za ku fi gani, kuma ta isa a tsaya a kanta. Ba ta faɗa wa ruwa kai tsaye. Sai ta sauka kan katanga, ta karkata kai ta duba sama, ta duba ƙasa, ta jira wata ta riga ta. In ta natsu ta sauko, sai ta tsoma baki har kusan hanci ta zuƙa a jere, ba ta ɗaga kai sai ta ƙoshi, ta tashi fir. Yanzu dubi gwara ko kaza: kurɓa ɗaya, a ɗaga kai sama ruwan ya gangara, a sake kurɓa. Dangin kurciya, wato hasbiya da tantabara, duk zuƙa suke yi. Hasbiya ta fi kurciya girma, tana da jan fata kewaye da ido da ɗigo-ɗigon fari a fiffike, kuma tana son rufin masallaci da na makaranta.

Ƙananan nan biyu da ke tsince-tsince a gindin turmi su ne baiwar Allah da asisi. Namijin baiwar Allah ja ne, macen ruwan ƙasa, kuma ba ta tsoron mutane, har cikin ɗaki takan shiga ta yi sheƙa a jinka. Asisi shuɗi ne mai haske, namijinsa na da jan tabo a kumatu. Su ne suka fi buƙatar ruwa marar zurfi.

Cilakowa ba ta ɓuya, ga dogon baki mai lanƙwasa, ga tashi tana sama tana ƙasa. Ragon maza yakan yi ta sanɗa a cikin shinge, jan fiffike da dogon baƙin wutsiya, kukansa na gangarowa daki-daki. Shaya baƙa ce daga nesa, amma in rana ta haska ta sai ta yi ta walƙiyar shuɗi da kore. Hankaka, balbela da shirwa kuwa ba sa buƙatar gabatarwa.

Wasu sukan canza riga da damina. Namijin mulufi da kuke gani ja da baƙi a kan karan dawa a Agusta, da rani ruwan ƙasa yake komawa, ba ka bambanta shi da macen. Haka kabare, wanda wasu ke ce wa gado, mai saƙa sheƙa a bakin reshe: da damina ne namijin ke yin rawaya sosai. Sunaye sukan bambanta daga gari zuwa gari, don haka ku rubuta wanda ake faɗa a garinku.

Akwai kuma wadda ya kamata mu lura da rashinta. Da, babu mahauta ko kasuwar da za ka je ba ka tarar da ungulu ba. Yau matasa da yawa sai dai su ji ta a karin magana. Tun 2015 aka sa irin ungulun da ke zama cikin garuruwanmu a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma kashe ta da ake yi ana sayar da sassanta ga masu magani. Wannan asara ce tamu, domin ita ke kwashe mushe kafin ya zama cuta. Duk wanda ya ga ungulu a yankinku, ya rubuta rana da wuri.

4. SHAMUWA TA ZO: A YI SHUKA?

Shamuwa baƙuwa ce mai daraja a ƙasar Hausa. Baƙa ce mai farin ciki da dogayen ƙafafu, takan iso wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ba mai taɓa ta. Fara da tsutsa take ci, don haka abokiyar manomi ce. In kaka ta yi, sai ta bi ruwa zuwa gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke faɗuwa lokacin da tamu ta ɗauke.

Da aka ce zuwanta bushara ce ta damina, ba a yi ƙarya ba. Amma a fahimci iyakar busharar. Shamuwa na biyo iskar damina ne, takan kuma riga zaunawar ruwa da makonni. Tana nuna cewa lokaci ya gabato, ba ta da labarin tsaikon da zai iya biyo bayan ruwan farko. A ganina, ganin shamuwa lokacin gyara ne: a kai taki, a wasa garma, a tanadi iri. Shuka kuwa sai an ƙara da shaida biyu.

Shaida ta farko ita ce ƙasa. Masana noma suna ɗaukar cewa damina ta zauna idan an sami ruwa milimita 20 ko fiye a cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi tsaikon da ya wuce kwana bakwai ba a cikin watan da ya biyo. Rabin farko kana iya aunawa da kanka. Sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, ka kafa shi a fili nesa da itace da indararo, bayan ruwa ka tsoma rula. Santimita 2 ita ce milimita 20.

Shaida ta biyu ita ce hasashe. Hukumar NiMet, mai kula da yanayi a Nijeriya, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: lokacin faɗuwa, lokacin ɗaukewa, da wuraren da ake tsoron tsaiko. Ana jin sa a rediyo da bakin malaman gona. Wajen zaɓen iri kuwa, Samaru na kusa da mu, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da irin masarar da ake kira SAMMAZ, wanda a cikinsa akwai mai saurin nuna da mai jure ƙarancin ruwa.

MISALI NA 1
Wani saurayi ya dawo daga masallaci ya ce wa mahaifinsa, “Baba, shamuwa ta sauka a tsamiyar bakin kasuwa, ga shi jiya an yi ruwa. Gobe mu fita da iri?”
Uban ya ce, “Ɗauko mini gwangwanin nan tukuna.” Aka tsoma rula, ruwan bai kai santimita ɗaya ba. Ya ce, “Ka gani ko? Wannan na kwantar da ƙura ne. Je ka tona bayan gida, in ka ga danshi ya wuce tsawon yatsa ka zo ka faɗa mini. Irin nan da kuɗi muka saye shi, ba na son shuka biyu.”
Tambaya: milimita nawa ya rage kafin a kai ma'aunin da aka ambata, idan rula ta nuna milimita 8? Amsa: 20 a cire 8, saura 12.

5. KASKON TSUNTSAYE

Ba wa mai rai ruwa aikin lada ne. Duk mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sai dai alheri ma yana da yadda ake yin sa.

Tsohon kasko ko fasasshen gindin tukunya ya fi roba da kwano, domin yumɓu na riƙe sanyi, kuma ƙafar tsuntsu ba ta zamewa a kansa. Kada zurfin ruwan ya wuce gaɓa biyu ta yatsa. A sa dutse a tsakiya wanda kansa ya fito, don asisi da baiwar Allah su sami wurin tsayawa, kudan zuma ma in ya faɗa ya sami mafita. A ajiye shi a inuwa, a ɗan ɗaga shi kan kututture ko tubali, a wurin da kyanwa ba ta da maɓoya kusa. In an sa shi a yau ba a ga kowa ba, kada a ɗauke. Sukan ɗauki kwanaki suna kallo daga katanga kafin su yarda.

Hatsari biyu ne a ciki, kuma kowanne yana da magani. Na farko sauro. A lokacin zafi, ƙwan sauro kan zama sauro mai tashi a cikin kamar mako ɗaya zuwa kwana goma. Wanda ke zubar da ruwan kaskon kowace safiya a gindin itace, ya goge shi da soso ya zuba sabo, ya katse wannan hanya.

Na biyu ciwon kaji. Murar tsuntsaye mai tsanani ta fara bayyana a Nijeriya ne a farkon 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji, nan cikin Jihar Kaduna. Cutar na bi ta kashi da majina da ruwan sha. Saboda haka kaskon tsuntsayen waje daban, na kaji da agwagi daban, kuma a nesanta su. In aka ga tsuntsaye ko kaji suna mutuwa da yawa a lokaci ɗaya, kada a taɓa da hannu, kada a yanka a ci, a ɗauke kaskon, a sanar da malamin dabbobi.

Sai maganar yara. Kasko na tara tsuntsaye wuri ɗaya, yaro mai danƙo kuwa abin da yake nema ke nan. Hani kaɗai ba ya aiki. Abin da ya fi shi ne a damƙa wa yaron aikin: shi zai canza ruwa, shi zai ƙirga, shi zai faɗi sunan baƙon da ya zo yau. Masu feshi kuma su kiyaye, kada a wanke tankin feshi kusa da rijiya ko inda tsuntsu da akuya ke sha, kada a bar irin da aka cuɗa da magani a warwatse a tsakar gida.

Wani zai ce, ai tsuntsu ɓarawon hatsi ne. Gaskiya jan baki na yi wa gero da shinkafa mummunar ɓarna idan ya sauko dubbai, kabare ma yakan taɓa dawa. Amma ba kaskon lita ɗaya ne ke kawo su ba, kuma akasarin tsuntsayen gida da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu, ƙwarin da ke cin amfaninmu.

MISALI NA 2
Wani magidanci ya ga uwargidansa na zuba ruwa a kasko, ya ce, “Haba uwargida, ruwan da muke saya wajen 'yan garuwa ne za ki ba tsuntsu?”
Ta ce, “Maigida, zauna mu lissafa. Mu nawa ne a gidan nan?”
Su takwas ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a rana don sha da girki da ɗan tsafta. 8 sau 20 ya ba da lita 160. Kaskon lita 1 yake ci, wato kashi ɗaya cikin 160. A wata guda lita 30 ke nan, jarka ɗaya mai lita 25 da ɗan ɗori. Kuma ruwan da aka zubar kowace safiya gindin zogale yake tafiya.

6. TATTALIN RUWA A GIDA

Ruwan da ya fi arha shi ne wanda ke zuba a kan rufinmu yana bin maguji. Ƙa'idar lissafinsa ɗaya ce, ku haddace ta.

AKWATIN MA'ANA
Milimita: ma'aunin zurfin ruwan sama. Milimita 10 ita ce santimita 1.
Murabba'in mita: fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1.
Ƙa'ida: ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 yana ba da lita 1.

MISALI NA 3
Ɗakuna biyu a jere, rufinsu ya rufe fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6.
Girman rufi: 10 sau 6, murabba'in mita 60.
An yi ruwa milimita 20: 60 sau 20, lita 1,200.
A cire kashi ɗaya cikin biyar saboda fantsama da yoyo: 1,200 a cire 240, saura lita 960.
Wannan ya kusa cika duro biyar masu lita 200. A gidan mutum takwas na Misali na 2, 960 a raba da 160, ruwan kwana 6 ke nan daga ruwan dare ɗaya.

Amma a kula. Kurciya da hasbiya a kan rufin nan suke kashi, ga ƙurar rani. A bar ruwan farko ya wanke kwano kafin a tara, a rufe duro ruf saboda sauro da kuma ƙananan yara, wanda za a sha kuma a tafasa shi ko a sa masa kulorin.

Sai ruwan da ake iya mora sau biyu. Matanmu sun riga kowa a wannan fanni, tunda ƙasari ba a zubar da shi, na awaki ne. A yi wa ruwan alwala haka. In manya huɗu na alwala sau biyar da buta mai lita 1, lita 20 ke bin ƙasa kullum. A sa baho a ƙasa, ko a mayar da wurin alwala gindin gwaiba ko lalle. Ruwan sabulu kuwa a kai shi gindin babban itace kamar darbejiya, ban da kaskon tsuntsaye, ban da ganyen da ake ci ɗanye.

Ban ruwa a yi shi da yamma ko da sassafe, a gindi, ba a kan ganye ba. A lulluɓe gindin da ƙaiƙayi, busasshiyar ciyawa ko ganyen rake, wanda ba ma rasa shi a nan, a ɗan bar tazara da jikin itacen saboda gara. Wata dabara ita ce a binne tulu har wuya kusa da dashe, a cika shi a rufe baki, ruwan ya riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa. Wannan tsattsafo na yumɓu shi ne Mohammed Bah Abba, wani malami daga Jihar Jigawa, ya yi amfani da shi ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana tumatir da ganye ba tare da lantarki ba, har ya sami kyautar Rolex a 2000.

Idan ruwa ya yi ƙaranci sosai, a bi tsari: mutane, sai dabbobi, sai dashen bana da ba su yi saiwa ba, sai sauran. Babban itace zai jure.

Kada kuma fari ya sa mu sare itacen gida. Inuwarsa na rage ƙafewar ruwa, ɓaure da cediya na ciyar da tsuntsaye, gawo kuwa da rani yake ganye lokacin da saura suka kaɗe. A yankin Maraɗi, tun wajen 1983 manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe maimakon tumɓukewa, yau ana ƙiyasta itatuwan da suka dawo a kudancin Nijar da kusan miliyan 200. Ruwansu bai kai namu ba.

7. LITTAFIN GIDA

Ido na gani, amma zuciya na mantuwa. Ware littafi ɗaya, kowane shafi ya ɗauki kwanan wata, lokaci, ruwan gwangwani, tsuntsayen da aka gani da yawansu, sai abin lura guda ɗaya, kamar gaba nawa igiyar guga ta ci kafin ta taɓa ruwa.

Wajen ƙirga, rubuta adadi mafi yawa da ka gani a lokaci guda. In ka ga kurciya 3, can ka ga 5, can ka ga 2, to 5 za ka rubuta, ba 10 ba, domin mai yiwuwa su ne dai ke dawowa. Da wannan ƙa'ida mutanen Ingila ke ƙirga tsuntsayen bayan gidajensu na awa ɗaya a kowane watan Janairu tun 1979.

Mu ma muna da namu. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, kuma 'yan sa-kai ne ke aika mata abin da suka gani ta wayar hannu, har da matasan Arewa. Mai babbar waya a cikinku na iya neman shiga. Wanda ba shi da ita, littafinsa ya ishe shi: bayan shekara uku zai iya buɗewa ya ga ranar da shamuwa ta zo kowace shekara, da kwanakin da suka shiga tsakaninta da ruwan shuka a gonarsa.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne bambancin tsaikon ruwa da fari?
2. Me ya sa kurciya ke riga cilakowa zuwa bakin rijiya idan waje ya bushe?
3. Bayyana yadda kurciya ke shan ruwa da yadda gwara ke sha.
4. Kawo tambayoyi huɗu da za ka yi wa kanka idan ka ga tsuntsun da ba ka sani ba.
5. Shamuwa ta zo, an kuma yi ruwa milimita 9. Wace shawara za ka ba maƙwabcinka, kuma don me?
6. Don me ake canza ruwan kasko kullum? Don me ake raba shi da na kaji?
7. Rufi mai tsawon mita 8 da faɗin mita 5 ya sami ruwa milimita 25. Lita nawa ya zuba a kansa? In an cire kashi ɗaya cikin biyar, saura nawa?
8. Gida mai mutum 6, kowa lita 20 a rana. Kwana nawa lita 600 za ta yi musu?
9. Ka ga asisi 4 da safe, 6 da hantsi, 3 da yamma. Nawa za ka rubuta?

AIKIN GIDA

A. Zuba ruwa daidai wa daida a kasko biyu, ɗaya a rana ɗaya a inuwa. Auna zurfinsu da safe da yamma, ka kawo sakamakon aji.
B. Tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa a unguwarku sunayen tsuntsaye uku da ake gani da, yanzu ba a ganinsu. Rubuta sunayen da kuma dalilin da suka ba ka.